An ce sai an saka mini waya a haƙori kafin tiyatar muƙamuƙi: ta ina zan fara shiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni budurwa ce 'yar shekara 23, ina zaune a Gombe. Tun ina sakandare muƙamuƙina na ƙasa ya fi na sama fitowa, haƙoran ƙasa su ne a gaba, ko tsire ba na iya gutsura sai na kai shi gefen baki. Likitan haƙori ya duba ni ya ce waya kaɗai ba za ta gyara ba, sai an haɗa da tiyata. Mama ta tsorata da jin tiyata, har tana cewa kada ya zama canja halittar Allah. Gwaggona kuma ta ce a saka wayar tukuna a gani, in ba ta yi ba sai a yi maganar aiki. Ga shi ana shirin sa ranar aurena, ga bautar ƙasa na tafe. Wane shiri ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a auren, ya ƙara lafiya. Ban ga bakinki ba, don haka maganata ba za ta maye gurbin ta likitan da ya duba ki ba. Amma irin abin da kika bayyana na sha ganinsa a kujerar aikina, kuma akwai abubuwan da nake so duk mai irinsa ya ji tun kafin a manna masa ƙarfe ko ɗaya a haƙori.

Zan fara da shawarar gwaggo, don ita ta fi tsaya mini a rai. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma a yawancin larurori shawara ce mai kyau: a fara da mai sauƙi, in bai yi ba a je ga mai wuya. A nan kam ba haka abin yake ba. Wayar da ake saka wa wanda zai yi tiyata da wadda ake saka wa wanda ba zai yi ba, a ido iri ɗaya ce, amma inda suke tura haƙora kishiyar juna ne. Wanda ya hau motar Dukku ba zai ce bari in ɗan taɓa tafiya in gani ko zan ɓulla Kaltungo ba. Tun a tasha ake yanke inda za a je.

Ga dalili. Bakin mutum kamar kwano ne da murfinsa. Haƙoran sama su ne murfin, kamata ya yi su ɗan rufe na ƙasa ta gaba da ta gefe. Idan ƙashin ƙasa ya zarce na sama, jiki yakan yi ƙoƙarin rage tazarar da kansa. Leɓen ƙasa ya riƙa danna haƙoran gaba na ƙasa har su kwanta ciki, harshe kuma ya turo na sama su karkato waje, duk don su samu su haɗu. Shekara da shekaru wannan na faruwa ba ki sani ba. Saboda haka tazarar da kike gani a madubi ba ita ce ainihin tazarar ƙasusuwan ba. Ta gaskiyar ta fi haka, haƙoran ne suka ɓoye wani ɓangare nata.

Likitan da ya yanke cewa ba za a yi tiyata ba, ƙara wa wannan ɓoyon ƙarfi zai yi: ya ƙara kwantar da na ƙasa ciki, ya ƙara turo na sama waje, wani lokaci har ya cire haƙori ɗaya-ɗaya a kowane gefe na ƙasa don ya samu wurin jan su baya. In tazarar ƙarama ce wannan hanya tana yin kyau, ni ma ina bin ta ga mutane da yawa, sai dai haɓa na nan inda take, fuska ba ta canjawa. Shi kuwa mai shirya baki don tiyata, warware ɓoyon zai yi. Zai miƙar da haƙoran ƙasa su tsaya a tsakiyar ƙashinsu, wato su ƙara fitowa gaba, ya mayar da na sama baya, in ma akwai cire haƙori sau da yawa a sama za a cire. Sai an yi haka likitan tiyata zai samu filin matsar da ƙashi gwargwadon yadda ake buƙata, haƙoran kuma su shige juna daidai ranar da aka haɗa su.

Wani saurayi ya taɓa zuwa mini bayan ya shekara biyu da waya a wani wuri. An cire masa haƙora biyu a ƙasa, an ja na gaba baya har dasashinsu ya fara janyewa, saiwa na neman bayyana, amma haɓarsa na nan gaba kamar yadda take, kuma ita ce dama abin da ke damunsa. Da aka zo maganar tiyata sai da muka sake kwashe fiye da shekara muna mayar da haƙoran inda aka ɗauko su. Waɗanda aka cire kuwa sun tafi ke nan. Ba na son ki bi wannan hanya.

To shirin farko, kafin kuɗi, kafin komai, shi ne zama da likitoci biyu: ƙwararre kan saita haƙora da waya, da ƙwararre kan tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska. Aiki ɗaya ne mai mutum biyu, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya tun ranar farko. Za a ɗauke ki hotuna na fuska da na cikin baki, a yi hoton ƙashi mai nuna haƙora duka a jere, da wani na kai ta gefe wanda ake auna kusurwoyin ƙasusuwa a kansa, a kuma ɗauki awon haƙoranki a fitar da siffarsu da za a iya riƙewa a hannu. Wasu wuraren suna ƙarawa da sikanin mai nuna ƙashi ta kowace fuska. Wannan hoton na gefe yana yawan ba mutane mamaki. Da yawa sukan zo da yaƙinin cewa muƙamuƙin ƙasa ne ya yi tsawo, sai awo ya nuna na sama ne bai girma ya kai ba, ko kuma duka biyun ne da laifi. Abin da awon ya nuna shi zai faɗi ko ƙasa za a mayar baya, ko sama za a jawo gaba, ko a yi duka. Yanayinki shi ne likitoci ke kira aji na uku, bisa rabon da wani likitan Amurka mai suna Edward Angle ya yi a 1899, kuma za ki ji ana maimaita kalmar a gabanki.

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi duk suna da sashen haƙori, nan ya kamata ki fara. Amma ƙwararrun saita haƙora ba su da yawa a Najeriya, kuma mafi yawansu suna manyan birane, don haka kada ki yi mamaki in an tura ki Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko Jos, ko Abuja, ko ma Legas da Ibadan. Duk inda kika je ki tambayi likitan tiyata kai tsaye sau nawa yake yin wannan aiki, kuma da wane likitan waya yake yi. Ba rashin kunya ba ne. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wani abu da ya zame mana annoba yanzu shi ne wayar ado da ake tallatawa a Instagram da TikTok, wadda wasu ke manna wa 'yan mata a shago ko a ɗaki. Haƙori ba ya bambance wayar ado da ta magani, duk wadda ta danne shi zai motsa, kuma zai motsa inda ba wanda ya tsara. Wanda zai taɓa bakinki ya kasance likita ne mai rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya.

Shekarunki sun yi daidai. Ba a yin wannan tiyata sai ƙashin fuska ya gama girma, wajen shekara 17 zuwa 18 ga mata, maza kuma yakan kai 20 ko sama, musamman masu irin naki, don muƙamuƙin ƙasa shi ne na ƙarshe wajen tsayawa. In an yi da wuri sai ya ci gaba da girma ya ɓata aikin. Abin yana bin jini, don haka in akwai ƙananan yara a gidanku da kika ga haƙoransu na ƙasa a gaba, a kai su a duba tun suna shekara 7 ko 8. A wannan lokacin akwai abin da ake saka wa yaro ya taimaka wa ƙashin sama ya fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin waya sai baki ya zama lafiyayye. A wanke haƙora a asibiti a cire dattin da ya daskare a gindinsu, a cike duk mai kogo, a yi maganin dasashi in yana jini. Haƙori yana tafiya ne ta hanyar narkewar ƙashi a gabansa da ginuwar sabo a bayansa, kimanin milimita ɗaya a wata, kuma in dasashi na da ciwo narkewar za a samu ba ginuwar. Sai turamen can ƙarshe, waɗanda ke fitowa tsakanin shekara 17 da 25. Na ƙasa suna zaune daidai inda ake tsaga ƙashi, shi ya sa likitoci da yawa ke cire su aƙalla wata 6 kafin tiyata don ramin ya cike. In kina da haƙorin Makka ki faɗa, gam ɗin waya ba ya kama shi kamar yadda yake kama haƙorin asali. In kuma kina da wushirya kina son abarki, ki faɗa tun farko. Yadda aka koyar da mu a makaranta rufe ta ake yi, kuma na ga wadda ta yi kuka da ta ga tata ta ɓace ba a tambaye ta ba.

Zama da waya ba wuya ce mai yawa ba, naci take so. Kwana uku zuwa mako na farko haƙora za su yi tsami, haka kuma duk lokacin da aka canja waya, kuma farasitamol ya isa. Ƙarafan za su goge miki cikin kumatu, akwai kakin da ake bayarwa a liƙa a kansu, ga kuma kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Za ki yi sallama da rake, aya, ƙuli-ƙuli, goruba, gasasshiyar masara, kilishi, ƙashin kaza, goro, alewa mai danƙo da cingam. Kowane ƙarfe da ya ɓalle yana mayar da aiki baya da makonni. Nama a yanka ƙanana a tauna da turame. Babban abin tsoro shi ne zaƙi da ƙazanta: abinci na maƙalewa a gefen ƙarafan, in ba a goge shi sosai ranar da aka cire waya sai a tarar da fararen tabo a zagaye da inda kowane ƙarfe ya zauna, farkon ruɓewa ke nan. Buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, safe da dare da bayan cin abinci, da ɗan siririn buroshin nan mai shiga ƙarƙashin waya. Asuwaki ba a hana ki ba, ki tauna shi ya yi laushi sosai ki bi a hankali, amma shi kaɗai ba ya shiga lungunan.

Yanzu ga wurin da nake so ki karanta sau biyu. Wayar kafin tiyata takan ɗauki wata 12 zuwa 18, wani lokaci har shekara biyu. A cikin wannan lokaci, saboda warware ɓoyon da na faɗa, bakinki zai fi yadda yake yanzu muni. Haƙoran ƙasa za su ƙara fitowa, leɓen ƙasa ya ƙara turowa, tauna ta ƙara wahala. 'Yan'uwa za su ce likitan ya ɓata ki. Bai ɓata ki ba, alamar aiki na tafiya daidai ce. Amma ma'anarsa ita ce wanda ya tsaya a tsakiya, ya fasa tiyata saboda tsoro ko rashin kuɗi ko miji ya hana, ya fi wanda bai fara ba asara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Rashin yin komai ma zaɓi ne mai mutunci, wannan larura ba ta kisa, kuma akwai masu rayuwa da ita lafiya lau. Abin da ba na so shi ne a fara a bari. Akwai wata hanya da ake fara tiyata kafin waya, amma sai ga wanda haƙoransa suka riga suka jeru sosai, likitocinki ne za su ce ko kin dace da ita.

In kika haɗa lissafi, waya kafin aiki, tiyata, sannan wata 6 zuwa 12 na waya bayan aiki, kina maganar shekara biyu zuwa uku. Ki ɗora wannan a kan maganar aurenki. Ba zan ce a ɗaga biki ba, wannan na iyaye ne da ku biyu. Amma wanda zai aure ki ya san komai tun yanzu: zai auri mai waya a baki, akwai watannin da fuskar za ta fi haka fitowa, akwai tafiye-tafiye da kashe kuɗi, kuma bayan aiki kamanninki za su ɗan sauya. Sai batun juna biyu, wanda mutane ke jin nauyin faɗa. Ba a yi wa mai ciki tiyatar da ba ta gaggawa ba, ana kuma guje wa hoton ƙashi, ga dasashi na yawan kumbura da jini a lokacin. Ciki ba ya hana zama da waya, amma in ya zo daidai lokacin da baki ya shirya, za ki zauna a wannan mawuyacin matakin har ki haihu ki warware. Ku tattauna wannan ku biyu, ku kuma faɗa wa likitoci abin da kuka yanke. Wasu sukan zaɓi a sha biki tukuna sannan a fara, wasu su fara su tsara lokacin haihuwa. Duka ana yi.

Bautar ƙasa ma haka. Ana ganin likitan waya duk mako 4 zuwa 8, ba fashi. In aka tura ki jiha mai nisa za ki iya neman a dawo da ke kusa bisa dalilin lafiya ko aure, ki karɓi takarda daga likita tun da wuri. Kuɗi kuwa ba zan faɗi adadi ba, don kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Ki nemi a rubuta miki komai dalla-dalla: hotuna, wayar, zuwa duba ta, gyaran wadda ta ɓalle, cire turame, kuɗin ɗakin tiyata da gado, da 'yan ƙarafa da sukurorin da ake ɗaure ƙashi da su, waɗanda sau da yawa kuɗinsu daban yake. Ki ƙara da kuɗin mota da masauki na mutum biyu. In kina da inshorar lafiya ki tambaya a rubuce abin da za su biya, kada ki ɗauka. Shawarata ita ce kuɗin tiyata a fara tara shi daga ranar da aka saka waya, ko ta adashe ne, a ajiye shi inda hidimar biki ba za ta taɓa shi ba. Ki kuma bar wa lissafinki sarari, don yajin aiki a asibitocin gwamnati kan ɗaga ranar aiki.

Ita tiyatar kanta, ga yadda take, ki karanta wa Mama. Ana sa mutum barci gaba ɗaya, a zura bututun numfashi ta hanci. Ta cikin baki ake yanka, ba a tsaga fuska, illa wani lokaci ɗan huji a kumatu da ba ya barin tabon kirki. A ƙasa ana tsaga ƙashin ta bayan turame a ɓangarorin biyu, a zame ɓangaren da ke ɗauke da haƙora zuwa inda aka tsara. Wani likita mai suna Hugo Obwegeser ne ya fito da wannan salo a shekarun 1950, har yau kuma shi ake bi. A sama ana yanka ƙashin a kwance a saman saiwoyin haƙora a jawo shi gaba, aikin da ake kira da sunan René Le Fort, likitan Faransa da ya bayyana layukan da ƙashin fuska ke karyewa a 1901. Sai a ɗaure da 'yan ƙarafa da sukurori na taitaniyam, waɗanda ba sa tsatsa kuma yawanci ana barin su har abada. Muƙamuƙi ɗaya kan ɗauki awa biyu ko kusa da haka, biyu kuma awa uku zuwa biyar. Aiki ne da aka daɗe ana yi a duniya, ba gwaji ba ne.

Amma babban aiki ne, ba zan rage masa nauyi ba. Akwai jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ita ke sa ki ji taɓi a leɓen ƙasa da haɓa. Kusan kowa yakan farka ya ji wurin kamar an yi masa allurar kashe zafi. Jin yana dawowa a hankali cikin makonni ko watanni, wani har shekara, amma akwai waɗanda wani ɓangare ba ya dawo musu. Leɓen yana motsi yadda ya saba, murmushi ba ya karkacewa, jin ne kawai ke raguwa. Akwai zubar jini, musamman a aikin sama. Akwai yiwuwar ƙwayoyin cuta su kama wajen ƙarfe har a cire shi daga baya, ko ƙashi ya ɗan koma baya kaɗan, ko gaɓar muƙamuƙi ta yi ciwo. Jawo ƙashin sama gaba yakan ɗan faɗaɗa hanci. Mayar da na ƙasa baya da yawa kuma yana iya matse hanyar iska, shi ya sa in kina minshari ki faɗa, kuma shi ne ɗaya daga dalilan da likita zai zaɓi raba gyaran tsakanin sama da ƙasa.

Kafin ranar za a auna yawan jininki, rukuninsa, suga, hawan jini da jinotayif. Mai sikila ba a hana shi aiki kwata-kwata ba, amma shirinsa daban ne, sai da likitan jini. 'Yan mata da yawa jininsu a ƙasa yake ba su sani ba, ki auna tun da watanni don a samu lokacin gyara shi. Ki tanadi 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini, asibitocinmu sukan nemi a ajiye. Duk abin da kike sha ki faɗa: asfirin, maganin tsarin iyali, jiƙo, tsimi da sauran kayan gyaran amare. Kada kunya ta sa ki ɓoye, wasu na ƙara zubar jini, wasu ba sa jituwa da maganin sa barci. Mai shan taba ko shisha ya bari tun da makonni, suna hana ƙashi da rauni warkewa.

Ki zaɓi lokaci da hankali. Kada a sa aikin cikin azumi ko ana saura makonni kaɗan, don za ki buƙaci shan abu kaɗan-kaɗan sau shida ko fiye a rana, ga magunguna. Zafin Maris da Afrilu na Gombe kin san shi, wanda ba ya iya shan ruwa da yawa a lokaci guda yana saurin bushewa. Hunturu kuma leɓe yake tsagawa, ga shi za ki yi kwanaki kina numfashi ta baki, sai ki riƙe basilin ko man kaɗanya kusa.

Bayan aiki za ki yi 'yan kwanaki a asibiti. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne zafin bai kai yadda suka zata ba, kumburi da toshewar hanci da dalalar yawu su suka fi damu. Kumburin yana kai ƙarshensa a rana ta biyu zuwa ta uku, fuska ta yi suntum har mai jinya ya tsorata. A gaya wa Mama tun yanzu cewa haka yake. Mafi yawansa na sauka cikin mako biyu zuwa uku, ragowar a hankali cikin watanni, don haka kada ki yanke wa fuskarki hukunci da wuri. Ki kwana da kai a ɗage kan matashi biyu ko uku. In an taɓa sama, ba fyace hanci na wasu makonni, atishawa kuma da baki buɗe. Kwanakin farko sunkuyar da kai na ƙara kumburi da jini ta hanci, za ki iya yin salla a zaune har likita ya ce ki koma sujada. Yawanci da 'yan robobi ake haɗa sama da ƙasa, wani lokaci a ɗaure da waya na makonni. In an ɗaure, abin yanka wayar ya kasance kusa da ke dare da rana saboda amai, a kuma nuna wa mai jinyarki yadda ake yi. In a wani gari aka yi aikin ki zauna kusa da asibitin mako ɗaya ko biyu kafin ki hau hanyar Gombe. Wahalar numfashi, jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, kumburin da ya dawo bayan ya fara sauka, ko ki ji haƙora sun daina haɗuwa yadda aka bar su, duk waɗannan a koma asibiti a take.

Ƙashi na buƙatar kimanin mako 6 kafin a fara tauna. Makonnin farko sai abin sha, da ƙaramin cokali ko sirinji. A nan mu Allah ya rufa mana asiri, abincinmu ya dace da wannan jinya: kunun gyaɗa, kunun tsamiya, koko da madara, fura da nono da aka dama aka tace, kindirmo, romon kaza ko na kifi, wake da aka dafa ya yi ligif aka niƙa. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya kan koko da lemon kwalba, mutum ya rame, rauni ya ƙi warkewa. Jiki na neman abin gina shi: ƙwai, madara, gyaɗa, waken suya, nama da aka niƙa cikin romo. Daga baya a shiga alala, faten dankali, ayaba, gwanda, tuwo mai ruwa-ruwa da miyar kuka ko kuɓewa da za a haɗiya ba tauna. Blenda za ta yi amfani, amma tun da wuta ba ta da tabbas a tanadi rariya da turmi. Ki ci da kyau a watannin kafin aiki, don kusan kowa sai ya sauke 'yan kilo. Aiki ko makaranta ki nemi hutun mako uku zuwa huɗu.

Bayan nan waya za ta ci gaba da aikinta na ƙarasa jera haƙora, tare da robobin da za ki riƙa sakawa da kanki. Ranar da aka cire ta za a ba ki abin riƙe haƙora, na sakawa da dare ko siririyar waya da ake mannawa ta baya. Haƙora na son komawa gidansu na da, don haka wannan abin na shekaru ne, ki ɗauka kamar na har abada.

Damuwar Mama kan canja halitta ba abin wasa ba ce, kuma ni likita ne ba malami ba. Abin da na sani shi ne malamai suna bambanta gyaran da aka yi don neman ƙarin kyau kawai da wanda aka yi don kawar da lahani, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sanya na zinariya. Ke kuma kin ce ba kya iya gutsura abinci. Ku kai maganar gaban malamin da Mama ta amince da shi, ku bayyana masa larurar yadda take. Ranar zama da likitocin nan biyu kuma ki tafi da ita, da gwaggo in za ta samu zuwa. Ki roƙi a ɗora hoton nan na gefe a nuna musu inda ƙashin sama ya tsaya da inda na ƙasa ya kai, a ba Mama siffar haƙoran ta riƙe a hannunta ta gwada haɗa su. Ta yi tambayoyinta da bakinta, da Hausa, har sai ta gamsu, don ita ce za ta kwana a gefen gadonki, ita kuma za ta dama kunun.